Yoyon Albarkatu a Zuciyar Babbar Manhaja

Kowace kwamfuta, tun daga wayar hannu har zuwa manyan sabobin da ke ɗauke da shafukan intanet, tana da wani sashe na manhaja da ke zaune tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajojin da jama'a ke taɓawa, wanda masana ke kira kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, irin su Linux da Windows. Babban aikin kanel shi ne rabon kaya masu iyaka: shi ke ba kowace manhaja gurbi a ma'adanar aiki, wadda masu sayar da waya ke kira RAM, shi ke buɗe mata fayil ya miƙa mata lambar da za ta riƙa ambatonsa da ita, shi ke ƙulla mata hanyar sadarwa, shi kuma ke riƙe da makullan da ke hana ayyuka biyu taɓa abu ɗaya a lokaci guda. Waɗannan su ne albarkatu, kuma dukkansu aro ne, domin ƙa'idar ita ce duk abin da aka karɓa a mayar da shi da zarar an gama. Yoyon albarkatu shi ne a karɓa a kasa mayarwa, sannan a rasa hanyar komawa ga abin, ta yadda zai ci gaba da zama a rubuce cewa yana hannun wani alhali babu mai amfani da shi. Lamarin ya yi kama da gidan baƙi wanda baƙo ya tafi ba a soke sunansa a rajista ba: ɗakin yana nan wayam, amma mai gidan ba zai ba kowa shi ba, kuma idan hakan ya yawaita za a wayi gari ana sallamar baƙi a bakin ƙofa alhali babu kowa a ciki. Wannan daban yake da fallasar bayanai, inda sirrin da ke cikin kanel ke fita zuwa hannun wanda bai cancanta ba.

Nauyin lamarin yana bayyana idan aka kwatanta da manhaja ta yau da kullum mai irin wannan aibi. Idan manhajar kallon bidiyo tana yoyo, ɓarnarta tana da ranar ƙarewa, domin da zarar an rufe ta kanel zai bi lissafinsa ya karɓe duk abin da ya taɓa ba ta, ko ta mayar da kanta ko ba ta mayar ba. Shi kanel ba shi da na gaba da zai share masa, kuma ba ya tsayawa sai an kashe na'urar ɗungurungum, abin da saba ko na'urar rarraba intanet kan yi watanni ba a yi mata ba. Ƙari a kan haka, a Linux ba a kwashe gurbin da kanel ya ware wa kansa a ajiye a faifai na ɗan lokaci kamar yadda ake yi wa na sauran manhajoji idan wuri ya ƙure, saboda haka duk bayit ɗin da ya zube ya fita daga hannun kowa ke nan sai an sake kunna na'urar. Idan ma'adana ta kusa ƙarewa, Linux yana da wani tsari na ƙarshe da ke zaɓar manhaja ɗaya, galibi wadda ta fi cin wuri, ya kashe ta don a samu sarari. Amma gurbin da ya zube a cikin kanel ba ya dawowa da mutuwar kowace manhaja, don haka tsarin zai yi ta kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, ɗaya bayan ɗaya, har ya kai inda babu sauran abin kashewa, kanel ya tsaya cak. Mai kula da sabar da ya leƙa fayil ɗin /proc/meminfo kafin a kai ga haka zai ga adadin da ke layin SUnreclaim yana ta hawa ba ya sauka, kuma sau da yawa alamar da ake samu ke nan, makonni bayan kuskuren ya fara aiki.

Tushen matsalar yana cikin yadda ake rubuta kanel. Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991, kusan dukkansa an rubuta shi ne da harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a ɗakunan binciken Bell a farkon shekarun 1970, kuma harshe ne da ba ya mayar da komai da kansa: wanda ya kira kmalloc ya karɓi gurbi, shi zai tuna ya kira kfree ya sake shi. Idan komai ya tafi daidai wannan ba abu ne mai wuya ba, kuma ba a nan aka fi yin tuntuɓe ba. A ɗauki gaɓa guda, wato yanki na rubutun manhaja mai sunansa da aikinsa, wadda za ta shirya wata na'ura da aka jona: ta fara ware gurbi, sai ta kunna agogon na'urar, sai ta nemi layin da na'urar za ta riƙa sanar da kanel cewa tana da saƙo, sannan ta yi mata rajista. Kowane mataki yana iya cin tura, kuma idan na uku ne ya ci tura dole a warware na biyu da na farko, idan na huɗu ne a warware ukun, daga na ƙarshe a komo na farko. Al'adar masu rubuta Linux, wadda ke cikin takardar salon rubutunsu, ita ce a jera matakan warwarewa a ƙarshen gaɓa, kowanne da alamarsa, a riƙa tsallakawa zuwa alamar da ta dace da umarnin goto. Tsari ne mai kyau matuƙar an kiyaye shi, sai dai gaɓa tana yin shekaru hannaye da yawa suna taɓa ta: wani ya cusa sabon mataki a tsakiya ya manta bai rubuta warwararsa ba, wani ya fice kai tsaye inda ya kamata ya tsallaka, wani kuma ya tsallaka zuwa alamar da ke ƙasa da wadda ta dace da layi ɗaya tak. Waɗannan hanyoyin cikas su ne gwajin yau da kullum ba ya bi ta kansu, domin a kwamfutar mai rubutu ma'adana ba ta ƙarewa, na'urar da ya jona kuma tana amsawa yadda ya kamata.

Wani kaso na laifin yana wuyan ƙa'idojin da suka saɓa wa abin da mai rubutu ya saba. Gaɓar pm_runtime_get_sync, wadda direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke magana da kowace irin na'ura, ke kira don tayar da na'urar da ke barcin tanadin wuta, tana ƙara ɗaya a ƙidayar masu buƙatar na'urar ko da tayarwar ta ci tura, alhali kowa ya saba da cewa kiran da ya ci tura ba ya barin komai a baya. Masu rubutu da yawa suka riƙa ficewa ba tare da rage ƙidayar ba, na'ura ta daina komawa barci, batir ya yi ta tafiya a banza. An yi ta aika faci iri ɗaya ga direba bayan direba, har a 2020 aka ƙara sabuwar gaɓa, pm_runtime_resume_and_get, mai rage ƙidayar da kanta idan an samu cikas, wanda kuwa amincewa ce da cewa tarkon yana cikin ƙa'idar tun asali. Yawan irin wannan a direbobi ba sabon abu ba ne: binciken da ƙungiyar Dawson Engler ta yi a Jami'ar Stanford a 2001 ya gano cewa yawan kurakurai a direbobin Linux ya ninka na sauran sassan kanel sau uku zuwa bakwai, ga shi direbobin ne mafi yawan rubutun kanel, kuma da yawansu ba kowa ke da na'urar da za a gwada su a kai ba.

Tambayar da ta raba kan masana ita ce yaushe ne wannan aibi yake tashi daga kuskuren inganci ya zama ɓarakar tsaro, kuma girman abin da ke zuba a karo ɗaya ba ya ba da amsa. Abin dubawa shi ne wa ke da ikon bin hanyar da ke yoyon, sau nawa zai iya bin ta, sannan mene ne ainihin abin da ake bari a baya. Gurbin da ke zuba sau ɗaya lokacin kunna na'ura, ko wanda ba ya zuba sai babban mai gudanarwa ya ɗora direba, ba ya ba mahari komai, domin mai wannan iko yana iya kashe na'urar ta hanya mafi sauƙi. Amma idan mai amfani na gama-gari, ko wani baƙo daga nesa ta intanet, yana iya jawo yoyon da kira ɗaya da zai maimaita son ransa, lissafin ya sauya gaba ɗaya: kilobayit ɗaya a kowane kira, a kira sau 100,000 a daƙiƙa, zai cinye gigabayit 8 cikin ƙasa da minti biyu. Ma'aunin CVSS, wanda ake auna tsananin ɓaraka da shi daga 0 zuwa 10, yakan ba irin wannan 5.5 idan sai mahari yana da asusu a na'urar, da 7.5 idan zai iya yi daga nesa ba tare da asusu ba. Akwai masu raina harin hana aiki saboda ba a saci komai ba, rainin kuwa ba shi da hujja a zamanin kwantena, wato keɓaɓɓun muhallai da ake gudanar da manhajojin mutane daban-daban a ciki a kan saba ɗaya, domin dukkansu kanel ɗaya suke hawa, kuma ɗan haya guda da ya tsiyayar da ma'adanar kanel ya durƙusar da sauran maƙwabtansa baki ɗaya.

Tambaya ta uku, ta abin da ake bari a baya, ita ce mai zurfin. Abubuwa da yawa a cikin kanel, kamar fayil da ke buɗe ko katin sadarwa, sassa da dama ne ke riƙe da su a lokaci ɗaya, saboda haka babu sashe ɗaya da zai iya yanke hukuncin sakin su. Mafitar da aka daɗe ana bi ita ce ƙidayar masu riƙo: kowane abu yana da lamba a jikinsa, duk wanda ya kama shi ya ƙara ɗaya, duk wanda ya gama ya rage ɗaya, wanda ragewarsa ta kai lambar sifili shi zai saki gurbin. Idan wani ya ƙara bai rage ba, lambar ba za ta kai sifili ba har abada. Masu gudanar da kwantena da manhajar Docker sun yi shekaru suna fama da saƙon kanel mai farawa da unregister_netdevice, wanda ke fitowa kowace daƙiƙa 10 yana cewa ana jiran masu riƙe da wani katin sadarwa su sake shi, kwantenar kuwa ta ƙi rufewa ta ƙi gogewa. Abin da ya sa saƙon ya gagari gyara shi ne kurakurai daban-daban ne ke haifar da shi, kuma lambar tana faɗin mutum nawa suka rage ba tare da ta faɗi su wane ne ba. Sai a siga ta 5.17 ta Linux, a 2022, Eric Dumazet na Google ya ƙara wani tsarin gwaji da ke rubuta inda aka ɗauki kowane riƙo, ta yadda wanda bai mayar ba zai fito fili.

Duk wannan hana aiki ne kawai. Abin da ya sa yoyon ƙidaya ya fi haka hatsari shi ne lambar tana zaune a gurbi mai iyaka, galibi mai bit 32, wanda ke iya ɗaukar ƙima 4,294,967,296 kacal, kuma wanda ya yi ta ƙara mata ɗaya ɗaya zai zagayo da ita ta koma sifili. A watan Janairun 2016 kamfanin tsaro na Perception Point, na ƙasar Isra'ila, ya bayyana ɓarakar da aka ba lamba CVE-2016-0728, a sashen Linux da ke ajiye mabuɗan sirri na masu amfani. Sashen yana ba manhaja damar neman shiga wani zoben mabuɗai ta hanyar ambaton sunansa. Gaɓar join_session_keyring takan nemo zoben, abin da ke ƙara ɗaya a ƙidayarsa, sannan ta rage a ƙarshe. Sai dai idan zoben da aka nema shi ne dai wanda manhajar take ciki tun farko, gaɓar takan ga babu abin yi, ta tsallaka zuwa wata alama da ke ƙetare layin ragewar. Abin da ke zuba a nan lamba ɗaya ce a kowane kira, kuma duk mai asusu a na'urar yana iya yin kiran ba tare da wani izini na musamman ba.

Masu binciken sun nuna cewa maimaita kiran sau biliyan huɗu da ɗoriya, aikin da suka ce ya ɗauki kimanin minti 30 a kwamfuta mai injin Intel Core i7, yana mayar da ƙidayar sifili, sai kanel ya ɗauka babu mai riƙe da zoben, ya saki gurbinsa alhali manhajar maharin tana iya ambatonsa. Wannan shi ake kira amfani bayan saki. Daga nan sai maharin ya nemi kanel ya ajiye masa saƙo mai girma daidai da na zoben, sashen rabon gurbi kuwa yakan miƙa gurbin da aka saki kwanan nan ga mai nema na gaba, don haka bayanan maharin suka zauna daidai inda zoben yake. Da ya umarci kanel ya soke zoben, kanel ya karanto adireshin gaɓar sokewa daga bayanan jabun, ya gudanar da rubutun maharin da cikakken iko a kan na'urar. Aibin ya shigo ne a siga ta 3.8, wadda ta fito a farkon 2013, ya kwana kusan shekara uku ba a gan shi ba, gyaransa kuwa layi ɗaya ne, wato kiran key_put a hanyar da aka manta. An yi jayayya kan yawan wayoyin Android da abin ya shafa, inda Google ya ce adadin bai kai yadda aka fara faɗa ba, kuma kariyar da sababbin injinan Intel ke da ita, mai hana kanel gudanar da rubutun masu amfani, ta ƙara wa harin wuya. Amma hanyar ta tabbata, ba kuma a karon farko ba, domin a 2014 an samu makamanciyarta a gaɓar ping_init_sock ta sashen sadarwa.

Martanin masu kula da Linux ya nuna yadda suke auna sharri biyu. A siga ta 4.11, a 2017, Peter Zijlstra ya shigar da sabon nau'in ƙidaya mai suna refcount_t, bisa tunanin da wani aikin tsaron kanel mai suna PaX ya riga ya yi: idan lambar ta kai maƙura sai ta liƙe a nan, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, kanel kuma ya rubuta gargaɗi. Ma'anar haka ita ce an zaɓi a bar abin ya zube da gangan, a yi asarar 'yan bayit har zuwa kashe na'ura, maimakon a sake shi a hannun mahari. Zaɓi ne na hankali, amma bai warkar da yoyon ba, ya dai toshe hanyar da ke kai shi ga ƙwace iko, kuma sai da aka yi shekaru ana bin tsofaffin ƙidayoyi ɗaya bayan ɗaya ana sauya su, aikin da Elena Reshetova ta Intel ta ɗauki babban kaso a cikinsa. Akwai kuma abin lura a gefe: a 2019 Jann Horn na Google ya nuna cewa a na'ura mai ma'adanar kimanin gigabayit 140 ana iya zagayo da ƙidayar shafukan ma'adana da riƙo na halal, ba tare da wani yoyo ba, wato girman na'urori yana rusa zaton da aka gina ƙidayar a kai cewa babu mai iya kaiwa biliyan huɗu.

Akwai wani nau'in yoyon da hatsarinsa yake cikin wanda ya gaji abin da aka bari. Tun zamanin Unix, manhajar da ta ƙaddamar da wata manhaja tana gadar mata da duk fayilolin da ke buɗe a hannunta sai waɗanda aka yi wa alama, kuma sai a siga ta 2.6.23, a 2007, Linux ya samu alamar O_CLOEXEC da ake sakawa tun lokacin buɗewa. A watan Janairun 2024 aka bayyana CVE-2024-21626 a runc, manhajar da Docker da Kubernetes ke amfani da ita wajen tayar da kwantena: ta bar lambar wani kundi na uwar na'ura a buɗe, kuma wanda ya shirya kwantenarsa ta fara aiki daga wannan lamba zai tsinci kansa a cikin fayilolin uwar na'urar, a wajen katangar da aka kewaye shi da ita. Kuskuren ba a cikin kanel yake ba, amma ƙa'idar gado ta kanel ce ta mayar da mantuwa ɗaya ta zama ƙofa. Shi kuwa cinye albarkatu da yawan buƙata, irin ambaliyar buƙatun haɗi na jabu da ta durƙusar da kamfanin intanet na Panix a New York a 1996, dangi ne na kusa amma ba abu ɗaya ba ne, domin a can lissafin kanel daidai yake, kuma komai yana dawowa idan hari ya tsaya.

Batun ba wa irin waɗannan kurakurai lambar CVE, wato rajistar ɓarakokin tsaro da cibiyar MITRE ta Amurka ta fara a 1999, ya jawo ce-ce-ku-ce sau biyu. A watan Nuwamban 2019 an fitar da jerin lambobi daga CVE-2019-19043 zuwa CVE-2019-19083, akasarinsu na yoyon ma'adana da masu bincike na Jami'ar Minnesota suka gano, kuma masu rarraba Linux suka ƙalubalanci da dama daga cikinsu da hujjar cewa mahari ba shi da hanyar jawo cikas ɗin da ke kaiwa gare su. A watan Fabrairun 2024 kuma masu kula da kanel suka karɓi ikon ba da lambobin da kansu, suka ɗauki manufar cewa a matakin kanel kusan kowane kuskure yana iya zama makami, don haka suka fitar da dubban lambobi cikin shekara guda, da yawansu na yoyo a hanyar cikas. Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya. Wanda ya gyara kuskure bai san duk inda Linux ke aiki ba, kuma layi ɗaya na sashen mabuɗai ya isa ya koya wa kowa kada ya yi saurin cewa ba komai. Sai dai lambar da ba ta zo da bayanin wa ke iya kaiwa ga hanyar ba tana ɗora aikin tantancewa a kan ƙananan ma'aikatu da ba su da masu yin sa, kuma wanda aka cika da gargaɗi dubu yakan daina karantawa. Shawarar masu kula da kanel ita ce a riƙa karɓar duk gyare-gyaren siga mai ɗorewa ba tare da zaɓe ba, shawara mai kyau ga wanda na'urarsa ke karɓar sabuntawa.

Gyaran kansa yana da nasa hatsarin, domin wanda ya ga gurbi ba a sake shi ba ya ƙara kfree, alhali wata gaɓa can nesa ita ke da alhakin sakin, ya mayar da yoyo mara cutarwa ya zama saki sau biyu ko amfani bayan saki, waɗanda suka fi shi muni nesa ba kusa ba. Facin irin wannan gajere ne, yana da kamannin gaskiya, kuma yana taɓa hanyar da ba mai gwadawa. Wannan rauni ne rikicin watan Afrilun 2021 ya fito da shi, lokacin da Greg Kroah-Hartman ya dakatar da karɓar faci daga Jami'ar Minnesota bayan wasu masu bincike a can sun gwada aika faci mai kama da ƙaramin gyara amma ɗauke da aibi. An sake duba ɗaruruwan facin da suka fito daga jami'ar, aka tarar mafi yawansu daidai suke, ko da yake an gyara ko an cire wasu.

Kayan farautar yoyo iri biyu ne. Na farko suna aiki ne yayin da kanel ke gudana, kuma fitacce a cikinsu shi ne kmemleak, wanda Catalin Marinas na kamfanin ARM ya rubuta aka shigar a siga ta 2.6.31 a 2009: yana rubuta kowane gurbi da aka ware, sannan kowane minti 10 ya ratsa ma'adana yana neman adireshin kowanne, duk wanda babu mai ambatonsa ya kai rahotonsa tare da sunan gaɓar da ta ware shi. Iyakarsa ita ce ba ya ganin gurbin da har yanzu yake rataye a wani jeri ko da ba za a taɓa amfani da shi ba, kamar yadda yoyon ƙidaya yakan kasance, kuma ba ya ganin hanyar da ba a bi ba. Don haka ake haɗa shi da cusa cikas da gangan, inda ake sa ware gurbi ya ci tura a kira na ɗaya, sannan na biyu, sannan na uku, da kuma syzkaller, manhajar da Dmitry Vyukov na Google ya ƙirƙiro mai jefa wa kanel kiraye-kiraye barkatai dare da rana. Na biyu kuwa suna karanta rubutun ne ba tare da gudanar da shi ba, irin su Smatch na Dan Carpenter da Coccinelle na ƙungiyar Julia Lawall a Faransa, waɗanda ke kwatanta hanyoyin fita na gaɓa ɗaya su nuna wadda ta rasa sakin da 'yan uwanta ke yi. A Windows an bi ta kan alhaki: duk direban da ya ware gurbi yana liƙa masa tambari mai haruffa huɗu, manhajar PoolMon tana nuna wane tambari ke kumbura, Driver Verifier kuma yana tsayar da na'urar gwaji idan aka sauke direba yana bin bashin gurbi.

Maganin da ya fi ɗorewa shi ne wanda ya cire sakin daga hannun tunanin mutum. A 2007 Tejun Heo ya kawo gaɓoɓi masu farawa da devm, waɗanda ke ɗaure kowane abin da direba ya karɓa a jikin na'urar, a sake su gaba ɗaya idan shirin ya ci tura ko an cire direban, ko da yake sukan jawo amfani bayan saki idan wata manhaja tana riƙe da fayil ɗin na'urar bayan an cire ta. A siga ta 6.5, a 2023, aka shigar da cleanup.h, wanda ke ba mai rubutu damar ya faɗi yadda za a saki abu a layin da ya karɓe shi, mafassarar C ta cusa sakin a kowace hanyar fita. Harshen Rust, wanda ya fara shiga Linux a siga ta 6.1 a watan Disamban 2022, yana da wannan ɗabi'a a cikin ƙashinsa, kuma yana hana amfani bayan saki a sashensa mai kariya. Amma masu tsara shi sun faɗa a sarari cewa hana yoyo ba ya cikin alkawarinsu, domin abubuwa biyu masu riƙe da juna suna iya zama har abada, kuma duk inda Rust ya haɗu da tsohon rubutun C dole wani mutum ya rubuta daidai wa ke da alhakin sakin me.

Gyara a tushe kuma ba ya nufin gyara a hannun mai na'ura. A 2023 aka sanar da rage wa'adin kula da sigogin Linux masu dogon zango daga shekara shida zuwa biyu saboda ƙarancin masu kula, alhali na'urorin masana'antu da na sufuri suna yin shekaru goma ko fiye a bakin aiki, wanda shi ya sa aikin Civil Infrastructure Platform ke riƙe wasu sigogin na tsawon shekara goma. Wayoyin Android, waɗanda suka yawaita a hannun jama'a daga Kano zuwa Damagaram, kanel ɗin Linux suke hawa, tare da direbobin da masu ƙera injin wayar suka ƙara, waɗanda da yawansu ba sa cikin babban rumbun Linux, don haka farautar da ake yi a can ba ta kaiwa gare su, kuma a waya mai ma'adanar gigabayit 2 yoyo yana saurin nuna kansa. Tun daga Android 12, a 2021, Google ya raba ainihin kanel da direbobin masu ƙera injin don a iya sabunta na farkon shi kaɗai, amma direbobin suna nan a hannun kamfanonin da suka rubuta su, kuma gyaransu yana isa wayar ne kawai idan mai ƙera ta yana ci gaba da aika sabuntawa.